Yadda za a shirya CSI ta iya riƙe masu hawan jini da ciwon suga

Shekarun baya, ina aiki a wata CSI ta karkara a jihar Damagaram, wato gidan likitan da ke ƙarƙashin asibitin distirik, aka kawo mini wani dattijo a amalanke da hantsi. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, magana ba ta fita. Ɗansa ya zaro karne daga aljihun rigar uban ya miƙo mini. Na buɗe, sai ga rubutun wata takwas da suka wuce: tansiyo, wato awon jini, 19/11, an ba shi magani na kwana goma. Babu ranar dawowa, kuma ban sa sunansa a kowace rajista ba sai ta masu zuwa kullum. Rubutun nawa ne. Na ce da yaron: "Da maganin ya ƙare, me ya hana Baba dawowa?" Ya ce: "Majo, ai ciwon kan ya tafi. Ba wanda ya ce mana ya dawo."

Abin awon jini muna da shi ranar, maganin ma akwai. Abin da ba mu da shi shi ne hanyar tuna mutum bayan ya fita ƙofa. An gina gidajen likitanmu na ƙasa ne don cutar da ke zuwa ta tafi: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda, haihuwa, rigakafi. A wannan fanni an yi ƙoƙari, musamman tun 2006 da aka mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya da sikila ba baƙi ba ne masu kwana uku. Zama suke yi da mutum har ƙarshen ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan da ba a ɗauka daga wani su ne sanadin kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Masu hawan jini kaɗai sun haura biliyan ɗaya, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma wajen mutum ɗaya cikin biyar ne nasa ya sauka inda ake so.

Na rubuta wannan ne don majo da ke riƙe da CSI, da ma'aikacin kaz da sante, wato ƙaramin gidan likita na ƙauye, da ƴan kwamitin COGES masu kula da kuɗi da tafiyar gidan likita. Ba ya maye gurbin umarnin babban likitan distirik. Tsari ne na abin da za a fara da shi, da abin da zai biyo baya.

Da farko, buɗe kabad ka ƙidaya

Masu bincike na da ma'aunin da suke auna shirin gidan likita, wanda ake kira SARA. In aka tace shi, tambaya huɗu ce ga kowace cuta: akwai rubutacciyar ƙa'ida? Akwai wanda aka horar cikin shekara biyun nan? Akwai kayan awo da na gwaji? Akwai magani yau? Kai ma za ka iya yi wa kanka waɗannan tambayoyi da yamma ɗaya.

Sharaɗin shi ne kada ka rubuta "akwai" sai ka taɓa abin da hannunka, ka ga yana aiki. Sau nawa na tarar da na'urar gwajin suga sabuwa fil cikin kwalinta, bandalet ɗinta kuwa, ƴan siraran takardun da ake ɗiga wa jini, sun lalace tun bara, ko kuma na wani kamfani ne daban, ba su shiga bakinta. Sau nawa abin awon jini na lantarki ke kwance don pil huɗu. Gwada abin awon jinin a hannunka da na abokin aikinka. Hau sikelin manya. Nemo mita ta awon tsayi da ta awon ƙugu. Duba bandalet ɗin fitsari masu nuna furotin da suga. Karanta ranar lalacewa a kan kowane kwalin magani. Ka raba takarda gida uku: abin da ke aiki, abin da ke nan amma ya mutu, abin da babu. Gida na biyun shi ne ya fi sauƙin gyara, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na man babur na sati ba.

Awon jini: wa za a auna, kuma yaya

Da hawan jini za ka fara, don shi ne ya fi yawa, ya fi sauƙin ganowa, maganinsa kuma ya fi araha. Duk babban da ya shigo, a auna shi, ko da ƙaya ce ta soke shi, ko da rakiya ya yi. Uwar da ta kawo yaro rigakafi, kakar da ke goye da jika, mai amalanken da ya kawo maras lafiya. In ka jira sai mai ciwon kai da jiri, ka bar mafi yawansu a baya, domin hawan jini kan yi shekaru bai ce uffan ba.

Awon da aka yi da gaggawa ƙarya yake faɗa. Mutum ya taho da ƙafa daga ƙauye cikin ranar Afirilu, ya sha shayi a bakin hanya, goro na bakinsa, ka ɗaura masa a kan hannun riga yana ba ka labari: lambar da za ta fito ba tasa ba ce. A zaunar da shi minti 5 a inuwa. Bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, fata a buɗe. In fitsari ya matse shi ya je ya dawo. Shayi, kofi, taba da goro, a ba su rabin awa. Kada ya yi magana, kai ma kada ka yi masa. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya ko biyu.

Sai batun maɗaurin hannu. Galibi guda ɗaya ne ke zuwa da na'ura, matsakaici. In ka matsa shi a damtsen Hajiya mai jiki, lamba za ta hau fiye da gaskiya, ka ɗora mata maganin da wataƙila ba ta bukata. Babban maɗauri guda ɗaya na cikin abubuwan farko da zan sa kwamiti ya saya.

Mu nan mun saba cewa 14/9, na'urar lantarki kuwa 140/90 take rubutawa. Abu ɗaya ne, amma ka rubuta lambar a cike kamar yadda ta fito, domin 149 da 140 duka "14" ne a baki, alhali ba ɗaya ba ne a jiki. Wanda nasa ya kai 140/90, a sake auna shi wata rana kafin a ce yana da hawan jini. Wanda ya kai 160/100 kuma awo na biyu ya tabbatar, ba a sallame shi hannu rabbana. Wanda ya kai 180/110 tare da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani dishi-dishi, ko mutuwar wani ɓari na jiki, wannan na asibitin distirik ne a ranar. Mai ciki kuwa hukuncinta daban: da ta kai 140/90 a duba furotin a fitsari nan take, a bi ƙa'idar masu ciki, don jijjigar haihuwa ba ta jira.

Takarda ɗaya a bango

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin PEN, kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani, don ƙananan gidajen likita na ƙasashe irin namu, a 2016 aka ƙara da HEARTS kan ciwon zuciya da hawan jini, a 2021 kuma ta faɗa a fili cewa ma'aikacin jinya da aka horar zai iya ba da maganin hawan jini, ba sai dokta ba, muddin akwai ƙa'ida da mai sa ido. Wannan magana tamu ce, don a yawancin CSI daga Tanut zuwa Dungas, majo ne likitan.

Amma littafi mai shafi ɗari ba ya aiki ranar kasuwa, mutum sittin na jira a rumfa. Ka je wurin babban likitan distirik ku fitar da shafi ɗaya, ya sa hannu, ka manna a bango daidai inda kake zama. Shafin ya faɗi maganin farko da yawansa, abin da za a yi bayan wata guda in jini bai sauka ba, da inda aikinka ya tsaya. Misalin da aka fi bi shi ne a fara da amlodipin 5 mg sau ɗaya a rana, in bayan wata bai sauka ƙasa da 140/90 ba a ƙara ko a haɗa da na biyu, kamar hidroklorotiyazid ko ɗaya daga dangin enalapril. A rubuta da jan biro cewa enalapril da kaptopril da danginsu ba na mai ciki ba ne, ba kuma na wadda za ta iya ɗaukar ciki ba tare da tsari ba, don suna cutar da ɗan tayi. A garin da mace kan haihu sau shida ko bakwai, wannan layi ɗaya ya fi sauran shafin muhimmanci.

Amfanin takardar bango shi ne kowa ya rubuta abu ɗaya. In kai ka ba da wannan, mataimakinka ya ba da wancan, ɗalibin da ya zo koyon aiki ya ba da na uku, ba za ka taɓa sanin abin da za ka yi oda ba, maras lafiya kuma zai ga kamar lalube ake yi a kansa.

Rajista da kati, inda aikin yake

Nan zan daɗe, domin nan ne na faɗi a kan dattijon nan.

Ba sabon ilimi ake nema ba. Ma'aikatan jihar nan sun fi kowa sanin yadda ake bin maras lafiya mako bayan mako, saboda aikin tamowa. Tun yunwar 2005 muke buɗe wa yaro kati, mu rubuta nauyinsa, mu ba uwa ranar dawowa, in ba ta zo ba mu aika a nemo ta. A Mirya ne aka gwada koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da kansu, abin da ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Masu tarin tibi ma haka muke bin su wata shida. Abin da ya rage shi ne a yi wa kakan yaron abin da ake yi wa yaron.

Sami rajista ta daban, ko da babban littafin ƴan lakwal ne. Kowane mai ciwon da ba ya warkewa ya sami lamba tasa ta dindindin. A rubuta suna, da sunan uba ko miji, gari da unguwa, lambar salula biyu, tasa da ta wani na gida, da sunan mai unguwa ko ɗan sa-kai na garinsu. Sunaye na maimaituwa ƙwarai a wajenmu, don haka laƙabi ko sana'a na da amfani: mai gyaran babur, matar liman.

Sannan kati biyu. Ɗaya na hannunsa, ɗaya na wurinka. A kowane zuwa a rubuta abu huɗu kawai: kwanan wata, lambar awo, maganin da aka ba shi da yawan ƙwayoyi, da ranar dawowa. Katunan wurinka ka jera su a akwati mai gida uku, ko kwali uku na magani da ka yanke: waɗanda ake jira wannan wata, waɗanda suka zo, waɗanda suka wuce ranarsu. Duk wanda ya zo, katinsa ya ƙaura. Ƙarshen wata, abin da ya rage a gidan farko su ne mutanen da ke hanyar shanyewar ɓarin jiki, kuma ga sunayensu a hannunka. Ba kwamfuta, ba kuran, ba intanet.

Ranar dawowa kuma a ɗaura ta a kan abin da mutum ya sani. "Ran 17 ga wata" ba ta zama a kan tsohuwar da ba ta bin kalandar Nasara. "Kasuwa huɗu daga yau, ranar kasuwar garin nan" tana zama, kuma ranar ce ake samun mota da ɗan kuɗi a hannu. Ka ware wuni ɗaya ko rabin wuni a mako don su, kada su bi layin masu zazzaɓi. Mutumin da ba ya jin ciwo ba zai bar gonarsa ya zauna awa huɗu don awon minti biyu ba, kuma yana da gaskiya. Wanda jininsa bai daidaita ba a gan shi duk wata. Wanda ya daidaita, duk wata uku ya isa, a ba shi maganin wata ukun in sito ya yarda.

Kada magani ya yanke

Ka ce wa mutum zai sha magani har abada, ya yarda, ya biya kuɗin mota ya zo, ka ce masa ya ƙare. Sau ɗaya zai yi maka uzuri. Na biyu, mai tallar magani a tire ya same shi. Ƙasashen duniya sun ɗaukar wa kansu burin a samu muhimman magunguna da kayan awon waɗannan cututtuka a kashi 80 cikin 100 na gidajen likita, amma wanda ya tarar da kanta babu kowa, shi a wurinsa sifiri ne.

Lissafin maganin ciwo mai daɗewa ya fi na zazzaɓi sauƙi, tunda ka san mutanenka da sunansu. In kana da mutum 40 masu shan ƙwaya ɗaya a rana, ƙwaya 1,200 ke nan a wata. In duk wata uku kake ɗauko kaya, 3,600. Ƙara na wata guda don tsaro, 4,800. Ƙara na sababbin da kake sa ran samu, ka ɗebe abin da ke sito, abin da ya rage shi ne odarka. Kada ka yi lissafi da abin da ya fita a watan da magani ya yanke, don zai nuna maka bukata kaɗan, ka sake yin oda kaɗan, a yi ta zagaye. Kuma ka yi odar damina tun kafin ruwa ya sauka, in hanyarku na cikin masu yankewa.

Kuɗi fa? Babba mai irin wannan ciwo ba ya cikin tsarin kyauta, shi ke biya. Nan ne aikin kwamiti. A zauna da shugaban COGES da mai karɓar kuɗi a kan abu uku: a riƙa sayen magani maras sunan kamfani ta hanyar distirik da ONPPC, ofishin magunguna na ƙasa, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba, a nemi yardar distirik kada mai dawowa karɓar magani ya biya kuɗin ganin likita cikakke kowane wata, kuma kuɗin da maganin hawan jini ya shigo da shi a mai da shi kan maganin hawan jini, kada ya narke cikin sauran bukatu. Mun sani cewa jinkirin biyan kuɗin jinyar kyauta kan busar da asusun CSI, sai a ci kuɗin wannan a toshe ramin wancan. In ba a killace ba, maganin tsofaffi ne farkon abin da ke ɓacewa.

Ciwon suga

Sai aikin hawan jini ya zauna da gindinsa, wata uku ko shida, sannan ka ɗora suga a kan rajista ɗaya da rana ɗaya. A gwada duk mai hawan jini, da mai yawan fitsari da ƙishirwa da rama, da mai gyambon da ya ƙi warkewa, da matar da ta haifi jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye.

Ka kula da ma'aunin na'urarka. Mu da g/L muka koya, amma na'urar da aka sayo daga Kano ko wani ya aiko daga waje za ta iya nuna mg/dL ko mmol/L. Iyakar awon safe kafin a ci komai ita ce 1.26 g/L, wato 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L. Rubuta ukun a takarda ka manna a bayan na'urar. In mutum ya ci abinci, 2 g/L tare da alamomi ya isa. Bandalet ba sa son zafi: a rufe kwalbarsu da zarar an zari ɗaya, a aje ta a ɗaki mafi sanyi, ba a kan taga ba.

Maganin farko ga babba shi ne metformin, a fara da 500 mg tare da abinci, a riƙa ƙarawa sannu a hankali don kada ya ɓata ciki, kuma ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani. In aka kai ga ƙara na biyu, giliklazid ya fi gilibenklamid aminci ga tsofaffi, don gilibenklamid kan kayar da suga ƙasa ƙwarai. Duk mai shan irin waɗannan ko mai allurar insulin, shi da na gidansa su san alamar faɗuwar suga: zufa, makyarkyata, yunwa mai tsanani, rikicewa. In yana iya haɗiya, ƙwayar sukari uku ko huɗu a ruwa. In ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai ruwan gulukos ta jijiya, don haka kada ya yanke a kabad ɗinka.

Yaro ko matashin da ya rame cikin ƴan makonni, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana fitsarin kwance bayan ya daina, wannan ba na ƙwaya ba ne. Insulin yake bukata, kuma a ranar. A tura shi.

Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare. Wanda ake amfani da shi a gida yana jure makonni huɗu in an kare shi daga rana, amma zafin Damagaram na Afirilu da Mayu kan wuce digiri 40. A koya wa iyali su sa kwalbar a leda ko ƙaramin gwangwani mai murfi, a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, ita kuma a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa inda iska ke bi.

Kuma a cire takalmi. Kowane zuwa, ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da idonka. Manomin da jijiyar ƙafarsa ta mutu zai taka ƙaya ko karangiya ya yini bai sani ba, kuma daga nan ake zuwa yanke ƙafa.

Sauran ukun, a taƙaice

Asma na tashi da ƙurar hunturu da hayaƙin itace. Salbutamol na shaƙa na buɗe ƙirji, beklometazon ne ke hana tashin, kuma shi ne aka fi rasawa. Gorar roba ta rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin abin shaƙar tana sa maganin ya isa huhu, musamman ga yara. Farfaɗiya na jin fenobarbital, amma ba a tsai da shi farat ɗaya, don haka yankewarsa haɗari ne ba ƙarami ba. A gaya wa iyali cewa ba a ɗaukarta ta yawu, a kuma nisanta mai ita da bakin rijiya da murhu. Sikila, da suga na yara, da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, ministocin lafiya na Afirka sun amince a Lome a 2022 cewa asibitin distirik ne zai riƙe su, a tsarin da ake kira PEN-Plus. Naka shi ne ka gane su, ka tura, ka ci gaba da bin su in sun dawo.

Turawa, da dawowa

Lambar salular likitan distirik da ta direban motar marasa lafiya su kasance a bango, kusa da takardar ƙa'ida. Ka kira kafin ka tura. Ka rubuta abin da ka auna da abin da ka bayar da lokacin. Wanda ya dawo daga Magarya ko Gure ko babban asibitin ƙasa na Zinder, ka karɓi takardarsa ka kwafe a katinsa, ka duba ko maganin da aka rubuta masa ana samunsa a wajenku. In ba a samu, kira wanda ya rubuta ku nemi madadinsa, domin magani mai kyau da ba a iya saye bai fi babu ba. Duk wanda ya taɓa ganin iyalin da suka sayar da gona da bisashe don wankin ƙoda a birni ya san me ake gudu.

Abin da za a gaya wa mutum, da wanda za a gaya wa

Jumla ta farko, wadda ban faɗa wa dattijon nan ba: "Baba, wannan ciwon ba ya warkewa, amma yana kwanciya. Ranar da ka ji garau, maganin ne ke aiki, ba ranar dainawa ba ce." Ka sa ya maimaita maka da bakinsa.

Maganar gishiri kuwa ba da maigida ake yin ta ba, tunda ba shi ke riƙe da ludayi ba. Ka ce ya zo da uwargida ko surukar da ke girki. Abin da ake so kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk a ciki suke. Kada ka ce a yi masa tukunya daban, ba za ta ɗore ba, kuma za ta mai da shi bare a gidansa. A rage wa kowa kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da yaji. Mai suga, ka tambaye shi shayi nawa yake sha a fada da sukarin da ake zubawa, da furar rana ko ana sa mata sukari. Ka kuma tambayi kowa abin da yake saye a tire: diklofenak da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki suna ɗaga jini suna cin ƙoda, ƙwayoyin sa ƙiba kuma suna tayar da suga. In yana shan sassaƙe ko jiƙo, kada ka yi masa faɗa, don gobe ba zai gaya maka ba. Ka roƙe shi dai kada ya aje ƙwayarsa saboda su.

Shekara na da lokuta uku da ake ɓatar da mutane. Damina, kowa na gona: ba da maganin wata biyu ko uku kafin shuka. Bayan girbi, samari da magidanta na tafiya cin rani Kano ko Agadas ko gaba: su tafi da katinsu da guzurin magani, da sunan maganin a rubuce yadda kowane mai farmasi zai gane. Sai azumi. Wata guda kafin Ramadan ka ga duk masu suga ɗaya bayan ɗaya. Maganin hawan jini na sau ɗaya a rana ana iya mai da shi lokacin buɗe-baki ko sahur. Mai insulin da mai giliklazid sai an gyara musu awo, wasu kuma azumin haɗari ne gare su. In suga ya sauka ƙasa da 0.70 g/L ko ya haura 3 g/L, a karya. Wannan magana ta fi shiga in daga bakin liman ta fito, don haka ka je ka same shi tun watan Sha'aban, ka yi masa bayani, ka auna shi shi ma.

Ƙarshen wata

Lamba huɗu za ka fitar, ka rubuta a allo inda ƴan kwamiti za su gani: mutum nawa ke rajista, nawa suka zo cikin wata ukun da suka wuce, nawa daga cikinsu jininsu ke ƙasa da 140/90, da kwana nawa magani ya yanke. Ta ukun za ta ba ka kunya a farko. Kada ka gyara ta da biro. In ta yi ƙasa, duba ta huɗu tukuna, sannan ka duba ko kana ƙara magani ga wanda bai sauka ba ko kuwa kana maimaita masa abu ɗaya wata bayan wata.

Sannan ka jawo katunan da suka rage a gidan farko na akwatin. Masu salula, ka kira su da kanka da yamma. Sauran ka raba sunayensu gari-gari, ka ba ƴan sa-kai ranar da suka zo kawo rahoto, wanda garinsa ba shi da ɗan sa-kai kuma ka aika wa mai gari ta hannun wanda ya zo cin kasuwa.